Injin Marly da Tarihin Haɗa Famfuna

Lokacin da Sarki Louis na 14 na Faransa ya ƙawata fadarsa ta Versailles da maɓuɓɓugan ruwa, babbar matsalar da ta tsaya wa magina ita ce fadar tana kan tudu, alhali kogin Seine yana can ƙasa a cikin kwari. Wannan ne ya sa aka gina Injin Marly a garin Bougival tsakanin 1681 da 1684, bisa jagorancin Arnold de Ville da wani ƙwararren kafinta daga yankin Liège mai suna Rennequin Sualem. Manyan ƙafafun katako 14, waɗanda ƙarfin kogin ke juyawa, su ne ke motsa famfuna fiye da 200 domin a ɗaga ruwa kusan mita 160.

Muhimmancin injin a tarihin sana'ar jan ruwa shi ne ya tattara hanyoyi biyu na haɗa famfuna. Hanya ta farko ita ce haɗin kafaɗa da kafaɗa, wato famfuna da dama su ɗebi ruwa daga wuri ɗaya su zuba shi zuwa wuri ɗaya, wanda ke ƙara yawan ruwa ba tare da ƙara tsayin da zai hau ba. Kuma idan bututu ɗaya suka yi tarayya a kai, ƙarin ba ya kai ninki, domin gogayyar ruwa da jikin bututu tana ƙaruwa yayin da gudunsa ya ƙaru. Ta biyu ita ce haɗin bi da bi, inda kowane rukuni ke miƙa wa na samansa ruwa, ta yadda tsayi ke taruwa amma yawan ruwan bai canza ba.

An raba hawan gida uku, da tafkuna biyu a jikin tudu, saboda bututu da fatun toshe famfo na wancan zamani ba za su jure matsin da ake buƙata a tura ruwan lokaci guda ba. Sai dai wannan dabara ta zo da tsada, domin dogayen sandunan ƙarfe da ke kai motsi ga famfunan sama suna cinye ƙarfi mai yawa, ga ƙara da yawan lalacewa. An dakatar da injin a 1817, kuma injunan da suka gaje shi, da yake bututu ya yi ƙwari, sun riƙa tura ruwan a hawa ɗaya.