Awa 48 Tsakanin Ƙwaya ta Farko da ta Biyu

Zubar da ciki da magani, kamar yadda likitoci suke yin sa a Turai da Amurka, ƙwayoyi biyu ne a jere. Mace za ta haɗiye ta farko, mifefiriston, sannan bayan awa 24 zuwa 48 ta yi amfani da ta biyu, misofirostol. A wannan ɗan tsakanin ne wata tambaya ta taso, wadda ta daɗe tana yawo tsakanin asibiti da majalisa da kotu a Amurka: idan mace ta sha ta farko, sai ta yi nadama, akwai abin da za a yi a ceci cikin?

Kamfanin Roussel-Uclaf na Faransa ne ya haɗa ƙwayar farko a 1980, aka san ta da RU-486. Faransa ta amince da ita a 1988, Amurka kuwa sai a watan Satumba na 2000. Aikinta shi ne ta mamaye gurbin da sinadarin firojesteron yake kamawa a mahaifa, alhali wannan sinadari ne ke riƙe ciki a farkonsa. Ta biyun ita ce ke sa mahaifa ta matse ta fitar da abin da ke cikinta. Ungozomomin asibitocinmu sun san ta, domin da ita ake tsayar da jini bayan haihuwa. Tun a gwaje-gwajen shekarun 1980 aka lura cewa ta farkon ita kaɗai sau da yawa ba ta zubar da cikin, shi ya sa aka haɗa ta da ta biyu. Mai karatu ya riƙe wannan, don a kansa gardamar ta rataya.

Wani likita a San Diyego da ke jihar Kalifoniya, George Delgado, mai adawa da zubar da ciki, shi ne ya fi kowa yayata dabarar. Tunaninsa mai sauƙi ne: tunda ƙwayar ta tare wa firojesteron gurbi, a cika jikin matar da firojesteron mai yawa har ya rinjaye ta. A 2012 shi da Mary Davenport suka wallafa labarin mata shida da aka yi wa haka, huɗu suka haihu. A 2018 ya fito da rahoto mafi girma, inda aka yi lissafi kan mata 547, kashi 48 cikin ɗari cikinsu ya tsaya.

Adadin yana da daɗin ji, amma akwai gyara. Ba a ware wasu matan da ba a ba su komai ba don a kwatanta. Kuma da yawa an yi musu hoton ciki kafin a fara, wato waɗanda cikinsu ya riga ya lalace ba su shiga lissafi ba. Wani nazari da Daniel Grossman da abokan aikinsa suka yi a 2015 kan tsofaffin gwaje-gwaje ya nuna cewa ciki kan tsaya bayan ƙwayar farko kaɗai a tsakanin kashi 8 zuwa 46 cikin ɗari, ba tare da an ba da komai ba. To, wace haihuwa ce ta firojesteron, wace ce kuma da ma za ta zo?

'Yan majalisa ba su jira amsa ba. A 2015 jihohin Arizona da Akansas suka kafa dokar tilasta wa likita ya gaya wa mace cewa ana iya warware aikin ƙwayar. Duk hujjar da aka wallafa a lokacin ba ta wuce ta 'yan tsirarun mata irin shidan nan ba. Arizona ta soke tata a 2016, amma wasu jihohi fiye da goma suka bi sahu, duk da ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta ce kimiyya ba ta tabbatar da dabarar ba.

Sai a 2019 aka yi gwajin da ya kamata a fara da shi. Mitchell Creinin na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nemi mata 40 waɗanda suka riga suka yanke shawarar a cire musu ciki a asibiti, suka yarda a jinkirta na kimanin mako biyu. Kowace za ta sha ƙwayar farko, sannan a ba rabinsu firojesteron, rabi kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Ana kan mace ta 12 aka dakatar. Uku sun zubar da jini mai tsanani har aka garzaya da su asibiti a motar ɗaukar marasa lafiya, ɗaya sai da aka ƙara mata jini. Biyu daga cikinsu ba su sha firojesteron ba, ɗaya ta sha.

Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi. Magoya bayan Delgado suka nuna cewa cikin mata biyar da suka kammala da firojesteron huɗu cikinsu ya tsaya, a ɗaya rukunin kuwa biyu cikin biyar. Mata goma dai ba sa yanke hukunci a likitanci, kuma Creinin da kansa bai yi iƙirarin an gano komai kan wannan ba. A ganina abin da gwajin ya bayyana ya fi wanda ya je nema nauyi: tsayawa a tsakiyar hanya, a sha ta farko a bar ta biyu, yana iya jawo zubar jini mai haɗari, ko an ba da firojesteron ko ba a ba da ba. Matar da ta yi nadama tana bukatar likita ya sa mata ido sosai, kuma haƙƙinta ne a gaya mata cewa cikin yana iya tsayawa da kansa, yana kuma iya fita da jini mai yawa.

A 2023 jihar Kolorado ta juya akalar, ta zama ta farko da ta nemi hana likitoci ba da wannan magani. Wani asibitin Katolika a jihar ya shigar da ƙara, yana cewa dokar ta tauye masa 'yancin addini, kuma a watan Oktoba na shekarar alƙalin kotun tarayya ya dakatar da aiki da ita a kansa.