Yadda Takardar Kuɗi Ta Shigo Ƙasar Zazzau

Ran nan ina koyar da lissafi a makarantarmu da ke Muciya, sai wani yaro ya kawo mini anini mai huji wanda ya samu cikin adakar kakarsa, ya ce, "Malam, wai da wannan ake sayen abinci?" Tambayarsa ita ta sa na ɗauki alƙalami, don kuwa yara da yawa suna zaton tun fil azal takarda ce kuɗi.

A zamanin da, kuɗin ƙasar Hausa wuri ne. Dubu ashirin shi ne keso guda, kayan ƙato ɗaya, har mai sayen doki yakan nemi 'yan dako su bi shi da kuɗinsa. Da Turawa suka ci ƙasa, sai suka hana shigo da wuri a 1904, suka kawo kwabo da anini masu huji a wajen 1908, sa'an nan suka matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a 1911, aka kafa Sabon Gari kusa da tasha, 'yan kamfani suka buɗe kantuna suna sayen auduga da gyaɗa. Nan fa sule ya sami gindin zama.

A 1912 aka kafa wata hukuma a Landan wadda za ta riƙa buga wa ƙasashe huɗu kuɗi iri ɗaya, watau Nijeriya, da Gwalkwas (Gana ta yau), da Saliyo, da Gambiya. Ta fara da sulallan azurfa masu hoton bishiyar kwakwa a 1913. Talakawa suka karɓe su hannu biyu, gama azurfa abin da suka sani ne: a binne ta ba ta ruɓa, a kai wa maƙeri ya ƙera mundaye. Ba a daɗe ba Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, azurfa ta yi tsada, sulalla suka yi wuya. Sai a 1916, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, hukumar ta fitar da takardu na sule biyu, da sule goma, da fam guda. A 1918 aka ƙara ta sule ɗaya, har Gwamnati ta buga waɗansu na gaggawa a Ikko.

To, jama'a, kada mu yi saurin ce wa kakanninmu jahilai don sun ƙi takarda. Manomi ba shi da banki sai tukunya da rami, ga gara, ga gobarar hunturu, ga ruwan damina. Wanda ya sayar da audugarsa ta shekara aka miƙa masa 'yar takarda, in ɓera ya ci ta, wa zai kai ƙara? Bugu da ƙari, ba ta sayen daddawar anini sai an canza ta, masu canji kuwa ba su ba da cikakken kuɗinta. A 1919 da 1920 mai takardar fam guda yakan haƙura da abin da bai kai sule ashirin ba. Hasarar nan a kan talaka ta faɗa, riba ta tafi ga mai tarin azurfa.

Asirin takardar kuwa alkawari ne. Kowace fam da aka fitar a nan, akwai fam ta Ingila da aka ajiye a madadinta a Landan. Wannan ya tsare darajarta, amma kuma ajiyar ƙasarmu tana can tana aiki a ƙasar wasu, mu sai wani kaso na ribar ake aiko wa Gwamnati.

Da hukuma ta ga takarda ba ta karɓu ba, sai ta fito da sulallan tagulla a 1920. Su ne aka riƙa ƙullawa fam ɗari ɗari cikin buhu, shi ya sa ake ce wa fam ɗari "jaka". Sannu a hankali fatake suka gane takarda ta fi sauƙin ɗauka a jirgi, ma'aikatan reluwe da na gonar gwaji ta Samaru suka saba da ita wajen albashi. Ran 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da takardunsa, naira kuma ta gaje fam a 1973.

Na mayar wa yaron aninin, na ce ya adana shi, ya kuma tambayi kakarsa abin da ta taɓa saya da shi tun tana da rai.