Karatun Bayan Ƙararrawar Tashi

'Yan uwa, a makarantun sakandarenmu na Nguru da Gashuwa karatu bai taɓa tsayawa a aji kaɗai ba. Da la'asar akwai muhawara, kacici-kacici, gonar makaranta, sikawut, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS da aka kafa a Legas a 1954. A nan yaro ke koyon magana gaban jama'a da riƙon amana.

Allah kuma ya ba mu babban aji a ƙofar gida, wato fadamar Haɗeja-Nguru. A 1989 Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona kallon tsuntsayen da ke tasowa daga Turai. A 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na Ramsar. Abin da wasu ke karantawa a littafi, ɗalibinmu yana iya gani da idonsa.

Sai rashin tsaro ya zo. Bayan harin Mamudo a 2013 an rufe makarantun jihar Yobe, sace 'yan matan Dapchi a 2018 kuma ya ƙara tsorata iyaye.

Yanzu da ƙura ta lafa, mu tsofaffin ɗalibai mu farfaɗo da waɗannan ƙungiyoyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.