Gyaran tsohuwar manhaja: waiwaye daga Maraɗi, 2001-2019

Tarihin na'ura mai ƙwaƙwalwa yakan bi diddigin sabon fitowa, ya manta da wanda ya zauna kan tsoho. Amma a ma'aikatu irin na Maraɗi, da ma'aikatar magajin gari ta Tsibiri ko ƙungiyoyin manoman Jiratawa, sauya manhaja na nufin sauya na'ura, kuma kuɗin hakan ba kullum ake samunsa ba. Saboda haka tambayar da ta shafe mu ita ce: in an gano aibi, wa zai gyara wa mai tsohuwa?

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP a watan Oktoba na 2001, ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu 2014. A tsakanin nan an yi wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. XP takan buɗe abin da ke cikin kile na USB da kanta da zarar an soka shi, kuma ta wannan ƙofa, cikin wasu, cutar Conficker ta 2008 ta yaɗu. An toshe ƙofar a Windows 7 a 2009, amma sai a Fabrairu 2011 aka fara tura gyaran kai tsaye ga masu XP. A ganinmu nan gizo ke saƙar: inda intanet ke da tsada, kile shi ne hanyar kai takardu daga buro zuwa buro, kuma na'urar da ba ta kan intanet gyaran ba ya isa gare ta. Wato wanda ya fi buƙata shi ne na ƙarshen samu.

Masu Debian sun bi wata hanya dabam. Ba sa taɓa fasalin fitowar da ta kafu. Sukan ɓanɓaro gyaran kaɗai daga sabuwa su liƙa wa tsohuwa, don kada a gyara ɗaki a rushe zaure. A 2014 suka ƙara wa'adin kulawa zuwa shekara 5, suka fara da Debian 6.

Microsoft kuwa, bayan ta ce ta rufe littafin XP, ta sake buɗe shi a Mayu 2017 da cutar WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, sa'an nan kuma a Mayu 2019. Duk sau biyun, sai mai na'ura ya je ya sauko da gyaran da hannunsa.