Yadda Rabon Kuɗin Titi Ya Koma Shiyya-Shiyya

Tun da aka soma titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba a 2024, mai tsawon kusan kilomita 700, tsohuwar gardama ta sake tashi a Arewa: wa ake shimfiɗa wa kwalta, wa aka bari da ramuka? Masu ƙorafi suna nuna hanyar Abuja zuwa Kano, wadda aka ba da kwangilarta tun Disamban 2017 aka yi ta jan ƙafa. Gwamnati kuma ta nuna titin Sakkwato zuwa Badagiri ta ce ga naku nan.

Maganar ta girmi duk masu wannan cacar baki. Turawan mulkin mallaka dogo suka sa a gaba, ya iso Kano a 1911, hanyoyin mota kuwa aikinsu kai gyaɗa da auduga tasha. Daga baya aka kasa hanyoyi gida uku: na gwamnatin tsakiya, na yankuna waɗanda jihohi suka gada, da na En'e da suka koma hannun ƙananan hukumomi. Kowa da hanyarsa, kowa da aljihunsa.

Shiyyoyi shida kuwa jiya-jiya suka zo. A taron tsarin mulki na 1994 zuwa 1995 Alex Ekwueme ya kawo shawararsu, kuma har yau babu su a kundin 1999. Duk da haka sun zama mudun awo. Da gwamnatin Buhari ta karɓi bashin sukuk na naira biliyan 100 a 2017 don hanyoyi 25, sai aka raba daidai wa daida, kowace shiyya biliyan 16.67. Arewa maso Yamma mai jihohi bakwai ta tashi da abin da Kudu maso Gabas mai biyar ta samu, alhali jihar Neja kaɗai ta fi Kudu maso Gabas faɗin ƙasa. Ba lissafin injiniya ba ne wannan, na kashe wutar rikici ne.

Wasu na ɗora komai a kan ƙabilanci, wasu a kan rashawa. Duka akwai su, amma ba su bayyana dalilin da mutum zai kwashe awa guda a cikin Kano bai yi nisan kirki ba. A ganina matsalar ita ce birni ba shi da kaso. Daga asusun tarayya jihohi na samun kashi 26.72 cikin ɗari, kuma kashi 40 na wannan raba-daidai ake yi, da mai cunkoso da marar shi. Gwamna mai shekara huɗu kuwa abin da ido zai gani yake nema.

Dubi Kano. Gwamnatin Shekarau ce ta kawo adaidaita sahu, wato babura masu ƙafa uku. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai baburan masu ƙafa uku suka cika gari maƙil. Amsar gwamnoni ita ce gadar sama: Ƙofar Nasarawa, Dangi, Hotoro. Sun yi amfani, ba a musu, sai dai gada takan kwashi cunkoso ne ta sauke shi a mahaɗar gaba.

Legas ba ta jira rabon Abuja ba. Ta kafa hukumar sufuri ta LAMATA da tallafin Bankin Duniya, ta keɓe wa manyan bas layinsu a 2008, sannan jirgin ƙasa na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja a 2023, bayan fiye da shekara goma ana gini. Harajin da take tarawa da kanta ne ya ba ta ƙarfin cin bashi don waɗannan ayyuka, kuma a nan ne Kano ke baya nesa ba kusa ba.