Ƙure Gudun Furosesa

Ƙure gudun furosesa shi ne sa ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya ƙayyade mata. A cikin BIOS ake yinsa, ta hanyar ɗaga lambar da ake ninka agogon tushe da ita: MHz 100 sau 45 ya ba da GHz 4.5. Intel na barin wannan ƙofa a buɗe ga furosesa masu harafin K, na AMD Ryzen kuwa akasarinsu a buɗe suke. Abin ya yi tashe a 1998, lokacin da aka riƙa kai Celeron 300A zuwa MHz 450.

Babbar matsalar ita ce zafi, domin ƙarin gudu yakan buƙaci ƙarin ƙarfin lantarki. Da furosesa ta kusa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta, wahalar ta tashi a banza.

A Kano, inda ake neman kayan kwamfuta a shagunan Sabon Gari da titin Beirut cikin ƙaramar hukumar Fagge, yanayi ne ke yanke hukunci. Fanka ko ruwan da famfo ke zagayawa da shi ta lagireto ba sa iya sanyaya furosesa ƙasa da zafin ɗakin, ga shi a watan Afrilu zafin gari kan kai digiri 40. Da hunturu kuma ƙura ke toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya har ta yi kauri kamar auduga. Saboda haka mai haɗa injin kan sa raga a bakin iska, ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, ya kuma haɗa UPS saboda ɗaukewar wuta.