Recuerdos de la Alhambra: kiɗan jita da ke gwada ƙwarewar yatsu huɗu

Recuerdos de la Alhambra, wato tunawa da fadar Alhambra, kiɗa ne na jita da Francisco Tárrega, ɗan Sifaniya, ya tsara a ƙarshen ƙarni na 19. Fadar tana birnin Granada, sarakunan Banu Nasr ne suka gina ta, kuma sunanta daga Larabci yake, Al-Hamra, ma'ana ja. A 1492 ta faɗa hannun Ferdinand da Isabella, mulkin Musulmi a Andalus ya ƙare ke nan.

Wahalar kiɗan tana hannun dama. Sautin jita ba ya jimawa, da an taɓa tsirkiya sai ya fara mutuwa. Don haka Tárrega ya yi amfani da dabarar da ake kira tiremolo: babban yatsa ya bugi tsirkiya mai kauri, sannan yatsan zobe da na tsakiya da manuniya su bugi tsirkiya guda a jere, da saurin da zai sa kunne ya ɗauka sauti ɗaya ne mai tsawo. Bugu 24 ke cikin kowace gaɓa, haka har kusan minti huɗu ko biyar.

Yatsun nan uku ba tsawonsu ɗaya ba, ƙarfinsu ma haka, kuma na zobe ya fi sauran nauyin motsi. Idan ɗaya ya yi jinkiri ko ya ɗara ƙarfi, sai kiɗan ya koma kamar sukuwar doki. Shi ya sa malamai ke sa ɗalibi ya yi ta maimaitawa a hankali na tsawon watanni, yana kuma goge farata don kada su maƙale. Tárrega kansa, abin mamaki, ya yanke nasa faratan a shekarunsa na ƙarshe, ya koma bugu da tsokar yatsa, kafin rasuwarsa a Barcelona a 1909.

Gudu ba shi ne gwaninta ba a nan. Kashin farko yana tafiya da sauti mai nauyin zuciya, na biyu ya buɗe da haske, kuma makaɗin da ya ruga da gudu yakan binne wannan sauyi. Wanda ya cika jan ƙafa kuwa, tiremolonsa sai ya warware, a riƙa jin bugun ɗaya bayan ɗaya.

A 1984 Mike Oldfield ya sake tsara kiɗan don fim ɗin The Killing Fields, wanda ya ba da labarin 'yan jarida biyu a zamanin kisan kiyashin Khmer Rouge a Kambodiya.